Baƙon Yini Guda: Tarken Labarin Tafiya Zuwa Lantau

Gabatarwa

A fitowar wannan mujalla tamu da ta gabata an buga wani labarin tafiya mai shafi shida, wanda wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya rubuta game da yini guda da ya yi a tsibirin Lantau na Hon Kon, can ƙasar Sin. Ya raka kawunsa ne, ɗan kasuwar Kantin Kwari, sarin kaya lokacin dogon hutu. Da suka sami rana guda babu ciniki, sai ya hau dutse da hantsi ya ziyarci gidan ibadar mabiya Buda da ake kira Po Lin, da azahar ya gangara ƙauyen masunta na Tai O, kafin lisha ya komo masauki. Tun da labarin ya fito ake ta yabonsa a ɗakunan kwana da teburin mai shayi, ni ma kuwa ina cikin masu yabon. Amma da yake nazari shi ne aikin wannan ƙungiya, kuma masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, na ga ya kamata a ɗora labarin bisa faifai a sheƙe shi, tsaba gefe guda, ƙaiƙayi gefe guda.

Dalilai biyu suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko, Hausawa masu zuwa Sin fatauci da karatu suna da yawa a wannan zamani, saboda haka irin wannan labari zai yi ta fitowa, kuma wanda aka fara yabo shi na baya za su kwaikwaya, da kyansa da muninsa. Na biyu, ni da marubucin 'yan unguwa ɗaya ne, wato Ƙofar Mazugal, kuma dutsen da muka tashi muna gani a bayan gidajenmu ya sha ganin baƙi masu alƙalami. Mu da aka rubuta labarinmu tun shekaru ɗari biyu da suka wuce, ya kamata a ce mun fi kowa sanin inda alƙalamin baƙo yake yin daidai da inda yake zamewa.

Abin Yabo

Zubin labarin mai sauƙi ne, ya bi rana daga fitowarta zuwa faɗuwarta, kuma wannan ya dace da shi, domin mai karatu ba ya ɓata. Inda marubucin ya fi gwaninta shi ne wajen siffanta abin da ya taɓa jikinsa. Motar igiyar da ke ɗaukar mutane daga Tung Chung zuwa kan tudu, wadda aka buɗe a 2006, ya kamanta ta da guga da ake ja daga rijiya, shi kuma yana ciki kamar kwaɗo. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya mai gaba goma ya san abin da cikinsa ya yi a cikin mintuna ashirin da biyar ɗin nan. Matakala 268 da ake hawa zuwa gindin babban mutum-mutumin Buda ya ƙirga su da gwiwoyinsa, har ya ba mu labarin wata tsohuwa mai sanda da ta wuce shi yana haki. A Tai O kuma, warin markaɗaɗɗen jatan lande da ake shanyawa a faranti ya tuna masa da gidan masu daddawa ranar da aka buɗe tukunya. Wannan kamance ya yi daidai ta kowace fuska, domin abubuwan biyu duk ana barinsu ne su ruɓa da gangan, duk wari ne a hanci, daɗi a miya.

To, a nan ne baƙon yini guda yake da iko. Abin da idonsa ya gani, hancinsa ya shaƙa, ƙafarsa ta taka, babu mai musa masa, gani ya kori ji. Har ma ya fi ɗan gari a wannan fage, domin ɗan gari ya saba, ya daina gani. Da marubucin ya tsaya nan, da ban sami abin cewa ba sai sambarka. Matsalar ta taso ne a wurare biyu da ya bar abin da ya gani ya shiga yanke hukunci kan abin da ke cikin zukatan mutane da kuma yadda suke neman abinci. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ido ba ya isa gare su, sai kunne ko karatu, shi kuwa, bisa ga abin da ya rubuta, bai yi magana da kowa ba duk yinin ban da mai sayar da tikiti.

A Kan Dutse

Kalmar da marubucin ya riƙe tun daga shafi na biyu ita ce "gunki". Da ita ya kira mutum-mutumin, ya kira gidan ibadar gidan gunki, ya kira masu aski ƙwal da tufafin zuhudu bayin gunki, sa'an nan ya rufe sashen da cewa mutane ne da suka taru suka bar duniya domin su yi wa tagulla hidima. Kada mai karatu ya ɗauka ina neman ɗan'uwana ya yarda da abin da suke yi. Ni da shi aƙidarmu ɗaya, kuma ba wanda ya ce matafiyi ya bar imaninsa a filin jirgi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, kalmar ta rufe masa ƙofar tambaya, har ta kai shi ga faɗin abin da ba haka yake ba.

Ga misali. An kafa Po Lin a 1906, lokacin da wasu masu zuhudu uku suka zo daga lardin Jiangsu suka kafa bukka a wannan tudu don neman kaɗaici, sunan Po Lin kuma ya samu a 1924. Shi kuwa mutum-mutumin mai tsawon mita 34 sai a 1993 aka kammala shi. Wato gidan ya yi shekara 87 ana ibada a cikinsa kafin a kafa abin da marubucin ya ce dominsa aka taru. Da yawa daga cikin malamanmu sun girmi wannan tagulla. Da ya tambaya, ko ya karanta allunan da aka kafa don baƙi, da ya sami tambaya mai daɗin rubutu: mutanen da suka gudo kan dutse don su rabu da hayaniya, yaya suke ji yau da hayaniyar ta biyo su cikin motar igiya?

Haka nan da ya yi ɗan bincike, da ya gaya wa mai karatu cewa Buda mutum ne, Siddhartha Gautama, ɗan sarauta da aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Koyarwarsa ta ginu a kan cewa rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kwaɗayi ne, kuma akwai hanyar kashe kwaɗayin. Malamansu suna ɗaukarsa jagora wanda ya nuna hanya, ba sa kiransa mahalicci, ko da yake talakawan mabiya suna ƙona turare suna roƙon biyan bukata a gaban siffarsa. An ɗora wa kowane mabiyi dokoki biyar: kada ya kashe mai rai, kada ya yi sata, kada ya yi fasiƙanci, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye. Musulmin da ya ji wannan zai san sarai inda muka rabu da su, wato a kan tauhidi, zai kuma san inda halayen da ake nema suka yi kama. Wannan ilmi ne. Kalmar "gunki" ita kaɗai ba ta ƙara wa mai karatu kome a kan abin da ya riga ya zata tun yana gida.

Akwai ma wani wuri mai ban dariya da ban tausayi. Marubucin ya ce ya ƙi shiga ɗakin cin abinci na gidan ibadar don tsoron naman alade, ya yini da biskit. Alhali kuwa saboda dokar nan ta hana kisa, ba a dafa nama kowane iri a wannan gida, sai ganye da awara da shinkafa. Wato ya gudu daga wurin da ya fi ko'ina aminci ga cikin Musulmi a duk tsibirin. Matambayi ba ya ɓata, ba ya kuma kwana da yunwa.

Wani zai ce ai haka Musulmi ya kamata ya rubuta. A nawa ganin magabata ba haka suka yi ba. Albiruni ya koyi harshen Sanskrit kafin ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya kawo abin da Hindu suka yi imani da shi kamar yadda su suke faɗa. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya ba mabiya Buda gurbi a cikin Almilal wan Nihal. Ibn Batuta ya hau dutsen Sarandib a 1344, inda Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suke ziyartar sawu guda, kowa da sunan da yake kiransa, ya kuma yaba yadda mutanen ƙasar suke girmama matafiya Musulmi. Ba wanda ya zargi waɗannan da raunin imani. Aya ta 108 cikin Suratul An'am ma ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa.

Kai, ba sai mun je nesa ba. Malamin da ya rubuta tsohon Tarihin Kano da Larabci, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, Musulmi ne, kuma ra'ayinsa game da tsafi a fili yake. Duk da haka, da ya zo kan Barbushe da Tsumburbura sai ya natsu ya gaya mana yadda aka kewaye wurin, da wanda ke da ikon shiga, da irin baƙaƙen dabbobin da ake kawowa, da sunayen manyan mutanen Barbushe da inda kowannensu yake zaune, da yadda Barbushe yake fitowa ya faɗa wa jama'a abin da zai auku cikin shekara. Da ya taƙaita da cewa arna ne masu gunki, da yau ba mu san kome ba game da waɗanda suka riga mu zama a gindin Dala.

A Bakin Ruwa

Sashen Tai O ya fi zaƙin karatu, amma a ganina ya fi na farko rauni, domin a can ƙyama ce ta rufe wa marubucin ido, a nan kuwa sha'awa. Ya ga gidaje a kan dirkoki cikin ruwa, ya ga kifi a shanye, ya ga tsofaffi suna gyangyaɗi a ƙofar gida, sai ya yanke cewa waɗannan mutane ne masu wadatar zuci waɗanda zamani bai taɓa ba, suna zaune yadda kakanninsu suka zauna, har ya ce ya yi fatan ya zama ɗayansu. Wannan shi ne kallon kitse da ake yi wa rogo.

Gaskiyar magana ita ce zamani ya taɓa Tai O ta kowane gefe. A dā garin yana da gonakin gishiri, sun mutu. Kamun kifi ya ja baya ƙwarai, samari sun tafi birni neman aiki, shi ya sa tsofaffi ya fi gani. A watan Yuli na 2000 gobara ta cinye gidajen kan ruwa masu yawa. A ƙarshen 2012 hukumar Hon Kon ta hana jan taru da manyan jirage har ƙasan teku, saboda kifin ya yi ƙaranci. Babban filin jirgin saman da shi kansa marubucin ya sauka, wanda aka buɗe a 1998, a gefen tsibirin yake, doguwar gadar da ta haɗa Hon Kon da Zhuhai da Makau, wadda aka buɗe a 2018, ta ratsa tekun da ke kusa da su. Hujja mafi ƙarfi kuwa tana cikin labarin kansa. Marubucin ya ce ya biya kuɗi an zaga da shi cikin jirgin ruwa tsakanin gidajen. Bai tsaya ya tambayi kansa ba, me ya sa mai jirgi a garin masunta yake ɗaukar baƙi da tsakar rana maimakon ya tafi su? Abin da ya hau ɗin nan shi ne amsar, yau baƙo ya fi kifi kawo kuɗi a Tai O.

Kuskure na biyu, ya ɗauka masuntan almajiran gidan ibadar kan dutse ne, tun da tudu guda ya raba su. Amma Tai O na da nata ɗakunan bauta, kamar na Yeung Hau da aka gina a 1699, wato shekara 207 kafin Po Lin, da na Tin Hau wadda masunta ke ɗauka mai tsaron teku. A nan ne jigon da ya kamata labarin ya ginu a kai yake kwance, marubucin ya tsallake shi bai sani ba. A kan dutse ga mutanen da dokarsu ta farko ita ce kada a kashe mai rai, a gindin dutsen ga mutanen da tun kaka da kakanni abincinsu kisan kifi. Yaya suke kallon juna? Wa ke sayen kayan wa? Da ya kama wannan zare, da ziyarar safe da ta yamma sun zama labari guda. Yanzu kuwa labari biyu ne da motar haya ta haɗa.

Mu juyo da abin gida don a gane nauyinsa. A ce wani baƙo ya sauka Argungu ranar bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934, ya ga dubban mutane sun faɗa Matan Fada da homa da gora, ya koma ƙasarsu ya rubuta cewa haka Kabawa suke yi kullum, kifi ya yi musu yawa. Bai san cewa ana tsare wannan yanki na ruwa ne sai ranar biki ba, bai san bikin ya tsaya bayan na 2009 har sai 2020 ba. Ko kuwa ya je fadamun Haɗejiya da Nguru ya ga kwalekwale cikin ciyawa kore shar ya ce aljannar duniya, alhali ciyawar nan kacala ce da ta toshe hanyoyin ruwa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke kawo wa masuntan can kifi ta ragu. Da mun karanta irin wannan, da mun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, mutumin Tai O ma haka zai ce da mu.

Madubi a Ƙofar Gida

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙofar Mazugal tana cikin ƙofofi takwas na farko da Tarihin Kano ya lissafa a ganuwar da Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ginawa, kuma ta wannan ɓangare na arewa ayarin Sahara da baƙinsa suke fuskantar birni. Biyu daga cikin baƙin nan sun isa su zama darasi ga duk mai son rubuta labarin tafiya.

Clapperton, wanda ake kira Abdullahi, ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya caɓa ado da kayan sojan ruwa yana zaton gari zai fito kallonsa, sai ya tarar kowa na harkar gabansa, ba wanda ya ko waiwaye shi. Abin da ya rubuta game da ranar farko ɓacin rai ne, ya ga filaye da kududdufai da gidaje a warwatse, ya ce ba abin da Larabawa suka zuga masa ke nan ba. Amma da ya yi makonni yana shiga Kasuwar Kurmi, sai ga shi yana yaba tsarinta, har ya bayyana yadda wanda ya sayi riga ya tafi da ita wata ƙasa, in ya tarar da aibi, yake iya mayar da ita dillali ya nemo mai kaya a biya shi. Mutum guda ne, gari guda ne. Da yini guda ya yi ya wuce, da Turai ta san Kano a matsayin garin kududdufi.

Barth, wato Abdulkarim, ya iso a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman, ya sauka a unguwar Dala, ya hau dutsen ya zana birnin daga sama, ya kuma lissafa ƙofarmu cikin ƙofofin gari. Yana da wani sashe mashahuri inda ya zaga gari a kan doki ya jero abin da ya gani ɗaya bayan ɗaya: rumfunan kaya, marina, mata masu kaɗi, attajiri cikin ado, makaho mai bara, da bayi a rumfa ana jiran mai saye. Wannan ma kallon yini guda ne, kuma yana da kyau matuƙa. Abin da ya bambanta shi da na ɗan'uwanmu shi ne, Barth yana jin Hausa, kuma bai tsaya ga kallon ba. Ya zauna da fatake ya yi ta tambaya, har ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, ya ƙiyasta tufafin Kano da ake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Idonsa ya ba shi hoto, kunnensa ya ba shi ma'anar hoton. Duk da haka ma in Bakano ya karanta shi yana samun wuraren da zai girgiza kai. To, ina ga wanda bai ji harshe ba, bai kuma kwana ba?

Magabata a Rubutun Hausa

Labarin tafiya ba baƙo ba ne a adabinmu, kuma ya kamata marubucin ya san gidan da ya shiga. Dorugu, yaron da ya yi wa Barth hidima ya bi shi har Ingila a 1855, ya ba Schön labarin tafiyarsa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Yadda ya bayyana zaman cin abincin Turawa ya nuna yaro mai lura, wanda yake faɗin abin da ya gani dalla-dalla ya bar mai sauraro ya yi dariyarsa da kansa. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Malam Aminu Kano, wanda gidansa na Gwammaja ba shi da nisa da ƙofarmu, ya fitar da Motsi Ya Fi Zama a 1955. Ko daga sunayen littattafan nan biyu mutum ya gane abin da suka ɗauki tafiya, wato hanyar ƙaro sani da za a kawo wa na gida. Ma'aunin da suka bar mana ke nan: bayan mai karatu ya rufe littafi, me ya sani wanda dā bai sani ba? In aka auna labarin Lantau da wannan mudu, za a ga mai karatu ya san yadda motar igiya take kaɗa ciki, ya san warin jatan lande, amma game da mutanen, abin da ya tafi da shi biyu ne, wasu ɓatattu, wasu masu wadatar zuci, kuma ba bisa bincike aka gina ko ɗaya ba.

Sarrafa Harshe

Hausar marubucin tana da daɗi, ta Kano ce tsantsa, kuma bai cika ta da aron da ba dole ba. Inda ta gaza shi ne a bakin ruwa. Duk abin da ya gani a shanye "kifi" ne, duk abin kamu "raga" ne, duk abin hawa "jirgi" ne. Alhali Hausa tana da koma da homa da taru da birgi da mamari da fatsa, kowanne da yadda ake aiki da shi, tana da tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa da ragon ruwa da kurungu. Na san kifin teku dabam yake da namu, amma ai da kamance ake kai mai karatu inda bai je ba, shi kuwa ya nuna ya iya kamance tun da ya kawo daddawa. Wannan talaucin kalmomi ba nasa ba ne shi kaɗai, namu ne duka 'yan birni. Muna cin banda, ba mu san sunan abin da aka kama ta da shi ba. Wanda bai san masuntan Wudil ba, da wane harshe zai siffanta na Sin?

Kammalawa

A taƙaice, labarin ya yi nasara a duk inda marubucin ya tsaya a matsayin shaida, ya kuma yi tuntuɓe a duk inda ya hau kujerar alƙali. Ba na cewa kada a rubuta ziyarar yini guda, yawancinmu iyakar abin da aljihu zai ba mu ke nan. Abin da nake nema ga mai rubuta ta abu uku ne: ya yi karatu kafin ya tafi, ya buɗe baki ya tambayi ko da mutum biyu a can, sa'an nan in ya zauna rubutu ya rarrabe wa mai karatu abin da ya gani da abin da aka gaya masa da abin da ya zata. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma raɓa ba ta isa ta ba da labarin saiwa ba.

Ina roƙon ɗan'uwana ya sake zama a kan wannan labari, domin alƙalaminsa ya fi ƙarfin abin da ya ba mu. Ina kuma ba shugabannin ƙungiya shawara su shirya mana gwaji wanda bai bukatar biza. A taru a Ƙofar Mazugal da sassafe, a hau Dala da Tarihin Kano a hannu, a tambayi dattawan gindin dutsen abin da suka ji daga iyayensu. Da rana a ɗauki hanyar Wudil, a gai da Sarkin Ruwa, a zauna da masunta a ji sunayen kayan aikinsu da abin da ya sami ruwansu. Kowa ya rubuto shafi shida, a kai wa mutanen da aka rubuta a kansu a karanta musu. Wanda masunci ya saurari rubutunsa ya ce haka ne, shi ya cancanci a ba shi fili ya kawo mana labarin Sin. Allah Ya sa mu dace, amin.